Kundin neman lasisi da bizar aikin gashin ƙashi a Birtaniya

14 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta duk matakin da na taka wajen neman izinin aiki a Birtaniya a matsayina na likitan fisiyo, wanda mutanen gari suka fi sani da likitan gashin ƙashi. Shekara bakwai ke nan ina wannan aiki a wani asibiti a cikin birnin Kano, bayan na yi shekara biyar a jami'a, da shekara guda ta sanin makamar aiki, da kuma shekarar hidimar ƙasa. Ina da rajista da hukumar MRTB, wadda ita ce ke kula da sana'armu a Najeriya, kuma ban taɓa barin lasisina ya faɗi ba.

Makonni uku na yi ina karanta ƙa'idojin kafin in fahimci cewa abin da muke kira izinin aiki a hirarmu ta ofis ƙofofi uku ne, kowace da mai tsaronta. Ta farko ita ce rajista da hukumar HCPC, wadda ke kula da sana'o'in lafiya 15 a can, kuma laifi ne mutum ya kira kansa likitan fisiyo a ƙasar matuƙar sunansa ba ya cikin kundinta. Ta biyu ita ce samun asibitin da zai ɗauke ka aiki, ya kuma ba ka takardar ɗaukar nauyi. Ta uku ita ce biza daga Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya. Ba a tsallake ɗaya a faɗa wata: mafi yawan asibitoci ba sa duba takardar wanda ba shi da rajista, ita kuwa biza ba a ma fara cika fom ɗinta sai da lambar takardar ɗaukar nauyi a hannu.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalan ɗaukar ma'aikata su zo nan farautar ma'aikata. Abin da aka yarda da shi shi ne mutum ya nemi gurbin da aka tallata da kansa, kai tsaye. Ban ji daɗin karanta dalilin sa mu a jerin ba, domin na san layin da ke jirana a bakin sashenmu kowace safiya, amma na riga na yi shawara da Hajiya da mai ɗakina, kuma sun sa albarka.

3 ga Maris, 2024

Da na baje takarduna a kan tabarma domin in jera su, sai na tarar da cewa ni mutum uku ne. A takardar kammala sakandare Mohammed aka rubuta, a ta digiri Muhammad, a takardar haihuwa kuwa an gajarce sunan ne da waƙafi a sama, irin yadda magatakardan da suke yi. Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa tanka mini a kan wannan, domin kowa a Kano ya san suna ɗaya ne, amma wanda zai duba takardun a Landan bai san haka ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani.

Na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nawa ne, na buga sanarwa a jarida, sannan na sabunta fasfo da rubutun da ke kan takardar digiri. Da na ba Hajiya labari sai ta ce, “To Babana, yanzu sunan Ma'aiki ne sai an kai shi gaban alƙali kafin su yarda?” Na ce mata ba sunan suke tuhuma ba, harufan suke ƙirgawa.

20 ga Afrilu, 2024

Sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS ya fito, kuma ban kai ba. HCPC tana neman maki 7.0 a jimlace, kada kuma wani sashe daga cikin huɗun ya gaza 6.5. Na sami 7.5 a saurare, 7.0 a karatu, 7.0 a magana, amma 6.0 a rubutu. Cikin azumi na zauna jarrabawar, sai dai ba zan ɗora wa azumi laifi ba. Sa'a ɗaya ake bayarwa a yi rubutu biyu, ɗaya mai kalmomi aƙalla 150, ɗaya mai 250, ni kuwa na ɓata kusan rabin lokacin ina ƙawata na farkon, alhali na biyun ne ya fi nauyin maki.

A fom ɗin rajistar akwai wurin da mutum zai iya bayyana cewa Ingilishi ne harshensa na farko, kuma wani abokin aiki ya ba ni shawara in bi ta nan in huta, tunda da Ingilishi aka koyar da mu tun daga firamare. Na ƙi. Da Hausa na buɗe baki, da ita nake mafarki, kuma ba na son in fara hulɗa da hukumar da za ta riƙe lasisina da maganar da ba zan iya maimaita ta a gabanta ba.

Faɗuwar ta zo da wani amfani. Da na sake bin ƙa'idojin biza a natse, sai na ga cewa likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma ne ake ɗauke wa sake kawo shaidar Ingilishi idan hukumar sana'arsu ta riga ta karɓi tasu, mu ba ma ciki. Akwai nau'in IELTS da ake zaunawa a cibiyoyin da Ma'aikatar Cikin Gida ta amince da su, mai ɗauke da alamar UKVI, kuma shi ne ke shiga a wuraren biyu. Shi zan zauna a karo na gaba.

29 ga Yuni, 2024

Wata biyu cur na yi a kan takarda ɗaya, wato fom ɗin bayanin kwas. HCPC ba ta wadatuwa da takardar digiri ko takardar makin darussa. So take a zayyana mata kowane darasi da aka koyar a shekaru biyar ɗin: abin da ya ƙunsa, da sa'o'in da aka yi a aji, da waɗanda aka yi a gaban majinyata, da yadda aka jarraba ɗalibi, sannan jami'a ta buga hatiminta a kai. Da wannan ne masu tantancewa za su auna karatunmu da mizanin ƙwarewar da hukumar ta sabunta a watan Satumba na 2023.

Matsalar ita ce manhajar da aka koyar da mu da ita an sauya ta tun bayan fitarmu, kuma a sashen da na yi karatu babu wanda ya iya nuna mini inda tsohuwar take. Sau biyar ina zuwa. A zuwa na huɗu ne wani tsohon malaminmu, wanda ya koya mana ilimin jijiyoyi, ya gan ni tsaye a baranda ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce, “Ranka ya daɗe, littafin manhajar zamaninmu nake nema.” Bai ce komai ba, ya shiga ofishinsa, ya jawo wata durowa ta ƙasa da ƙyar, ya fito da littafin, bangonsa ya yi ja saboda ƙura. Ya ce in yi hotonsa in dawo masa da shi kafin la'asar, domin shi kaɗai ya rage.

Sa'o'in asibiti kuwa a littafin da ake sa mana hannu lokacin zagayen ɗakunan majinyata suke, kuma nawa yana gidanmu a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Hajiya, tare da allona da tsofaffin hotuna. Da muka buɗe sai muka ga gara ta shiga ta gefen da ya yi tsatsa ta cinye kusurwar shafuka kusan ashirin, daidai inda ake rubuta kwanan wata. Sunayen sassan da sa hannun malaman suna nan, ranakun ne suka tafi. Sai da na nemo abokan ajinmu biyu da muka yi rukuni ɗaya, muka gwada littattafanmu shafi da shafi, kafin in iya fitar da lissafin da zan tsaya a kansa ko a gaban wa. Ban ƙara ko sa'a ɗaya da ban yi ba, duk da cewa sashen numfashi ya fito a rame idan aka kwatanta shi da na ƙashi da na jijiyoyi. Malam ya karanta daftarin gaba ɗaya, ya gyara wurare uku da jan biro, sannan shugaban sashe ya sa hannu aka buga hatimi jiya.

8 ga Agusta, 2024

Na sake zama jarrabawar a Abuja a ƙarshen Yuli, a kan kwamfuta, kuma sakamakon ya same ni a gida lokacin da aka sa dokar hana fita a Kano saboda zanga-zangar farkon wata. Na sami 7.5 a jimlace, rubutu kuma 6.5, wato daidai bakin iyaka. Shekara biyu sakamakon yake aiki, saboda haka daga yau agogo ya fara bugawa: dole ne rajista da aiki da biza duk su kammala kafin tsakiyar 2026.

2 ga Nuwamba, 2024

Na tura takardar neman rajista shekaranjiya. Tun tsakiyar Oktoba komai ya haɗu, har da takardar shaidar kyakkyawan tarihi daga MRTB da wasiƙar shugaban sashenmu, amma sai wutar lantarki ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda. A shagon wani mai buga takardu da ke da janareta na zauna kwana biyu ina ɗaukar hoton shafuka ina lodawa, yana cajin kuɗin mai a kan kowace sa'a.

Kuɗin tantancewa fam 639.98 ne, kuma ba a mayarwa ko da an ƙi mutum. Fam ɗaya ya haura naira 2,000, saboda haka maganar ta wuce naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wato albashin watanni. Na kwashi adashin da muke zubawa a wurin aiki, na sayar da babur ɗina, na je Wapa na sayi dala a hannun 'yan canji, na zuba a asusuna na kuɗin waje, domin katin naira ba ya biya a ƙetare. Da na danna wurin biya, shafin ya yi ta juyawa kusan minti ɗaya kafin rasit ya fito, kuma ban san na riƙe numfashina ba sai da mai shagon ya ce, “Likita, ya shiga fa.”

11 ga Janairu, 2025

Shiru ya yi yawa, sai na bincika na gano cewa an aika wa jami'armu wasiƙar tabbatarwa ta imel tun farkon Disamba, tana kwance a akwatin da ba a cika buɗewa ba. Na je da kaina, na yi sallama a ofis uku, aka nemo wanda ke riƙe da kalmar sirrin, aka amsa a gabana. Na kuma ji cewa daga ƙarshen wannan wata hukumar za ta daina karɓar ikirarin mutum cewa Ingilishi ne harshensa na farko.

23 ga Fabrairu, 2025

Amsar masu tantancewa ta zo, su biyu ne kuma dukkansu 'yan sana'ar ne. Ba su ƙi ni ba, ba su kuma karɓe ni ba, ƙarin bayani suke so. Sun gamsu da ɓangaren ƙashi da gaɓoɓi da na jijiyoyi, amma sun nemi hujjar cewa na iya kula da mai ciwon numfashi, da hujjar cewa ina auna ci gaban majinyaci da ma'auni sananne, ina kuma rubuta dalilin kowane mataki da na ɗauka. Idan bayanin bai gamsar ba, suna iya kirana jarrabawar gwada ƙwarewa.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda aikin da nake yi kullum ne, sai da na je ɗakin ajiyar fayil na ɗauko na majinyatana domin in zaɓi uku in rubuta labarin jinyarsu ba tare da suna ba. A nan jikina ya yi sanyi. Akwai wani dattijo ɗan kasuwa da ya sami shanyewar ɓarin jiki na dama, wanda na yi wata biyar ina yi wa aiki, aka kawo shi a kan kujera mai taya, yanzu kuma yana takawa da sanda. Na san ranar da ya fara ɗaga ƙafarsa, na san ranar da ya fara miƙewa daga kujera ba a riƙe shi ba. Amma da na buɗe fayil ɗinsa, abin da na rubuta da hannuna a ziyara goma sha ɗaya a jere bai wuce layi ɗaya ba: an ci gaba da motsa jiki, yana samun sauƙi. Babu adadi, babu ma'auni, babu abin da wani likita zai karanta ya san daga ina muka taso. Ina da uzuri, domin wanda ke ganin mutum ashirin da wani abu kafin azahar ba ya samun sukunin dogon rubutu, sai dai uzurin ba ya cike shafin.

Saboda haka na sake lale. Na gaya wa masu tantancewar gaskiya cewa rubutuna na baya bai cika ba, sannan na fara auna majinyatana yadda ya kamata tun daga wannan mako. Na shafa layin mita 10 da fenti a barandar sashenmu domin auna saurin tafiya, na kuma buga ma'aunin Berg na daidaiton tsayuwa, mai gwaji 14 da maki 56. Da na zo yi wa dattijon, sai na tambaye shi abin da ban taɓa tambayarsa kai tsaye ba, na ce, “Baba, me kake so ka iya yi wanda ba ka iyawa yanzu?” Na zaci zai ce komawa kasuwa. Sai ya ce, “Ɗana, ni dai in kai goshina ƙasa. Wata shida ke nan a zaune nake salla.” Tun daga ranar muka karkatar da atisayen zuwa durƙusawa da tasowa daga ƙasa, da tabarma a gefen gado da kujera a gabansa yana dafawa, kuma wannan buri nasa shi na rubuta a matsayin manufar jinya, da adadin makonnin da muke sa rai.

Na numfashi kuwa, na roƙi a mayar da ni ɗakin kulawa ta musamman kwana biyu a mako, inda na yi aiki da wata babbar ma'aikaciyarmu da ta fi kowa sanin fitar da majina daga ƙirji da juya majinyacin da ke kan na'urar numfashi. Ita ce ta karanta abin da na rubuta, ta kuma sa hannu a matsayin shaida.

17 ga Mayu, 2025

Alhamdu lillahi, an karɓe ni. Na biya kuɗin rajista, wanda ya ɗan haura fam 120 a shekara, kuma yau na rubuta sunana a shafin hukumar na ga ya fito da lamba a gefensa. Rajistar masu sana'armu tana ƙarewa ne a ƙarshen Afrilu na 2026, sannan a sabunta ta na shekara biyu. 'Yan'uwa sun fara yi mini murna kamar gobe zan hau jirgi, ni kuwa ina ta gaya musu cewa ganin Dala ba shiga birni ba ne. A ranar 12 ga wannan wata gwamnatin Birtaniya ta fitar da takardar manufofinta kan shige da fice, inda ta kawo shawarar a mayar da wa'adin samun izinin zama na dindindin daga shekara biyar zuwa goma.

26 ga Yuli, 2025

Wannan ƙofa ta biyu ta fi ta farko tsauri, domin ita ba ta gaya maka abin da ka rasa. Na tura takardar neman aiki sau 41 ta shafin NHS Jobs, inda NHS, wato hukumar lafiyar gwamnatin Birtaniya, ke tallata guraben aikinta. Ashirin da shida sun amsa da cewa ba a zaɓe ni ba, sauran ko amsa babu, wasu guraben kuma ana rufe su kwana ɗaya ko biyu da tallata su saboda yawan masu nema. Guraben mataki na 5 a tsarin albashin NHS, inda sabon shiga yake farawa, sun yi ƙaranci a bana har 'yan ƙasar da suka gama karatu suna kokawa. Albashin matakin yana farawa ne daga fam 31,049 a shekara, a kan sa'o'i 37 da rabi a mako, kafin a cire haraji da fansho. Shekaruna na aiki sun isa in nemi mataki na 6, amma kusan kowane tallan wannan matakin yana son wanda ya taɓa aiki a cikin NHS.

Kuskurena na farko shi ne takarda ɗaya nake aikawa ko'ina, mai cike da cewa ni mai ƙwazo ne mai haƙuri. Wata 'yar ajinmu da ke aiki a can ta karanta ta ce mini masu zaɓen maki suke bayarwa a kan jerin sharuɗɗan da ke maƙale da kowane talla, kuma duk sharaɗin da ban kawo masa misali daga aikina ba, sifili ne. Yanzu kowace takarda tana cin mini dare biyu, kuma misalan da nake kawowa daga fayil ɗin da na fara rubutawa tun Fabrairu suke fitowa.

A makon jiya wani ejan da aka haɗa ni da shi ya kira ni ya ce yana da takardar ɗaukar nauyi ta aikin kula da tsofaffi, in kawo naira miliyan goma sha biyu, idan na shiga ƙasar sai in sauya zuwa sana'ata. Na tambaye shi sunan gidan da zai ɗauke ni domin in duba shi a jerin masu lasisin ɗaukar nauyi da gwamnatinsu ke wallafawa, sai ya ce wannan sirri ne sai an biya rabi. Mai ɗaukar aiki ne ke fitar da wannan takarda, ba kaya ba ce da ake sayarwa, kuma tun ranar 22 ga wannan wata aka rufe ɗaukar masu wannan aikin daga ƙetare. Na gode masa na kashe waya.

20 ga Satumba, 2025

An yi mini ganawa ta bidiyo sau biyu. Ta farko ban yi abin kirki ba. Ta biyu da wani asibiti ne a arewacin Ingila, mutum uku a gabana na tsawon minti arba'in, ni kuma ina zaune a ofishin wani abokina mai sola, da waya biyu a gefe saboda ko intanet zai yanke. Tambayar ciwon baya ba ta ba ni wahala ba: sun so in faɗi alamomin da za su sa in dakatar da komai in tura mutum sashen gaggawa, na ambaci riƙewar fitsari ko kuɓucewarsa, da mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, da raunin ƙafafu biyu da ke ƙaruwa.

Wadda ta sa na yi jim ita ce ta wata tsohuwa da aka yi wa aikin ƙugu, ta ce ba za ta tashi ba yau, 'yarta kuma tana cewa a tashe ta ko ba ta so. A sashenmu na san yadda ake yi: babban ɗa ya ce a yi, sai a lallaɓa tsohuwa a yi, kuma sau da yawa ita ma daga baya takan gode. A can kuwa dokarsu ta 2005 ta ce ana ɗaukar kowane baligi a matsayin mai iya yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, ko da hukuncin nasa bai yi wa kowa daɗi ba. Na ce zan fara neman dalilin ƙin, ko zafi ne ko tsoron faɗuwa ko jiri, in bayyana mata haɗarin daɗewa a kwance, in nemi a ba ta maganin zafi in sake dawowa, idan kuma ta dage alhali ta fahimci maganar, in bar ta in rubuta abin da ya faru. Jiya suka aiko cewa sun ba ni gurbin, mataki na 5, na zagayawa tsakanin sassa, bisa sharaɗin kammala bincikensu.

15 ga Nuwamba, 2025

Takardar ɗaukar nauyi ta fito ranar 27 ga Oktoba. Ba takarda ba ce da ake riƙewa a hannu, lamba ce kawai, tana ɗauke da lambar sana'armu 2221 da albashi da ranar fara aiki, 12 ga Janairu, 2026, kuma wata uku ake ba mutum ya yi amfani da ita. Kafin ta fito na riga na je cibiyar IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, a Abuja an ɗauki hoton ƙirjina domin gwajin tarin fuka, wanda takardarsa ke aiki wata shida, na kuma karɓi takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi, wadda ake nema daga duk ƙasar da mutum ya zauna wata 12 ko fiye a cikin shekara goma da suka wuce.

Bizar ma'aikatan lafiya ta shekara uku fam 304 ce, kuma an ɗauke mana harajin lafiya na fam 1,035 a shekara da sauran masu bizar aiki ke biya. A ƙa'ida sai mutum ya nuna fam 1,270 sun kwana 28 a asusunsa, amma asibitin ya sa hannu cewa ya ɗauki wannan nauyin. Dokar ta ba ni damar tafiya da iyali, sai dai kowane mutum da nasa kuɗin bizar, ga tikiti, ga hayar gida da ban gani ba tukuna. Mun zauna da mai ɗakina muka yi lissafin a bayan ambulan, ita ce ma ta fara cewa, “Abban Ummi, ka fara zuwa ka ga wuri, mu ma biyo ka bayan salla.” A kan haka muka tsaya, kuma za su koma wajen Hajiya kafin nan.

Na cika fom ranar 8 ga wata, shekaranjiya kuma na je Abuja aka ɗauki hoton yatsuna da na fuska. Sun ce yawanci mako uku ake yi kafin a yanke hukunci. Ban miƙa takardar ajiye aiki ba tukuna, kuma ba zan miƙa ba sai amsa ta zo, amma na sanar da shugaban sashenmu da baki, ya ce in fara shirya miƙa majinyatana. Su talatin da huɗu ne masu zuwa a kai a kai, na gama rubuta bayanin goma sha tara, kowanne da ma'auninsa na ƙarshe da abin da ake nufin cimmawa. Dattijon nan yana cikin waɗanda suka rage. Makinsa na Berg ya tashi daga 31 zuwa 46, yana kai goshinsa ƙasa idan akwai kujera a gabansa, tasowa daga sujada ta biyu ce har yanzu sai an tallafa masa. Ranar Talata zai zo, kuma a ranar nake so in haɗa shi da wanda zai karɓe shi.